Zanen Goyona a Jikin Jakar Soja

Tun 'yata tana ciki nake ɗauke da wani tsoro da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tsoron kada wata rana ta saba da bayan wata mace, ta fi son sa a kan nawa. Ina yarinya na ga irin haka a garinmu. Gwaggona ta yi doguwar jinya, maƙwabciya ta riƙe mata ɗa. Ranar da ta samu sauƙi ta miƙa masa hannu, yaron ya kau da fuska ya ƙanƙame wuyan waccan matar. Kowa ya yi dariya, ita ma ta taya su, amma ni ina tsaye a gefenta, na ga yadda leɓenta na ƙasa yake rawa. Abin ya zauna mini a rai har na girma.

Shi ya sa da na haihu a unguwar Mpape ban yarda kowa ya goya ta ba. Da ita a baya nake gangarawa ɗebo ruwa, da ita nake hawowa, da ita nake wanki a duƙe. Zanen goyona ɗaya ne nake ji da shi, wanda innata ta aiko mini ranar suna, shuɗi mai hoton ganye. Ya sha wanki har ganyen ya kusa ɓacewa, tsakiyarsa ta yi laushi kamar auduga, daidai inda kumatunta yake kwanciya.

Bayan na yaye ta sai aiki ya samu, shara da wanki a wani gida a Maitama. Maigidana lodin duwatsu yake yi wa wani mai tifa, wata rana a samu wata rana babu, don haka ban isa in ce a'a ba. Madam ɗin gidan ta gaya mini tun ranar farko cewa ba a zo mata da yara. Na dawo gida ina ta juya maganar, na rasa inda zan ajiye yarinyar.

Ɗakin da yake kallon namu na wata tela ne, 'yar Filato, Kirista. Ta girme ni sosai, 'ya'yanta sun yi girma suna can gida wajen kakarsu. Duk gidan Anti muke ce mata. Ita ta ji ina gaya wa maigida a bakin ƙofa, ta ɗago kai daga kan kekenta.

"Maman beibi, wane irin magana ne wannan? Ba ga ni a zaune ba daga safe har yamma? Kawo mini ita. Ni ma ɗakin ya yi mini shiru."

Na yi godiya, har da durƙusawa. Amma tun a durƙushen na ji tsohon tsoron nan ya motsa.

Kwanakin farko a leda nake zuba kayanta: kaya na canji, fulas ɗin kunu, ƙaramin tawul, man zafi saboda mura. Leda ba ta kwana biyu a gidanmu, ko ta fashe ko ɓera ya huda ta. Sai na tuna da jakar da ke ƙarƙashin gado.

Jakar soja ce ƙarama, ta goyawa a baya. Maigida ya saye ta a gwanjo wata rana da ogansa ya aike shi kasuwar Gudu sayen kayan mota. Ya zo da ita yana ta murna, wai zai riƙa zuba abincinsa da tocila. Ranar da ya fara fita da ita abokan aikinsa suka ce masa in yana son bayansa lafiya ya ɓoye ta, farar hula ba ya yawo da kayan soja a garin nan. Ya dawo da ita a cikin riga kamar wanda ya yi sata, ya cusa ta ƙarƙashin gado.

Da na jawo ta na kaɗe ƙurar, na daɗe ina duba ta. Yadinta kauri gare shi kamar tamfol, kore da ruwan ƙasa da baƙi a cakuɗe. Marfinta babba ne, yana rufe kusan rabin gabanta. Akwai ƙugiyoyin ƙarfe a maɗaurin, akwai ƙananan huji biyu a gindinta da aka zagaye da ƙarfe, maigida ya ce don ruwa ya riƙa fita ne. A cikin marfin an yi wani rubutu an kuma shafe shi da baƙin fenti. Cikin ɗinkin ƙasan na tarar da wani yashi fari, mai laushi, irin wanda babu shi a Mpape. Wari take yi kamar na kanikawa. Na wanke ta, na shanya a bayan ɗaki inda ba mai gani, na zuba kayan yarinyar, komai ya shige daidai kamar don su aka yi ta.

Da safe na miƙa wa Anti yarinya da jaka. Ta karɓi yarinyar, ta ja baya daga jakar.

"Ke! Kina so soja ya sa ni tsallen kwaɗo a bakin titi da tsufana? Ni fa ina fita sayen zare da yarinyan nan. Wannan ba zai bi ni ba, sai kin rufe masa jiki."

Matan gidan da ke wanke-wanke suka kwashe da dariya. Wata mai tuyar ƙosai, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce, "A bar ta ta ɗauka mana, mu ga Anti tana fareti."

Ranar Lahadi, da ba na zuwa aiki, na zauna rufe jakar. Ina da tsofaffin zannuwa da zan iya yankawa. Amma hannuna bai tsaya ko'ina ba sai kan zanen goyon. Na ce a raina, in ni ba zan wuni da ita ba, to abin da ta sani nawa ya wuni da ita. Na raba shi biyu da reza, na ninke rabi na ajiye. Ɗayan rabin na naɗe jakar da shi, tsakiyar mai laushi na sa ta a kan marfin. Ban iya ɗinki ba. Da allurar hannu da zaren kitso na yi, yadin jakar yana ƙin allurar, sai na tura da gindin cokali. Na soke yatsa har ya daina jin zafi. Da na gama, ɗinkin ya karkace kamar hanyar ɗakinmu, wani wuri a tattare wani wuri a sake, amma ko ɗigon koren soja ba a gani. Na rataye ta a ƙusa na yi ta kallo.

Litinin da yamma na dawo, Anti ta miƙo mini jakar tana murmushi. Ban gane jakar ba da farko. Ta warware duk zaren kitsona, ta maimaita ɗinkin da keke, layi a miƙe, gefen a lanƙwashe tsaf. Zanen ya kwanta a jikin jakar kamar da shi aka haife ta.

"Na ga zai zare ne," in ji ta. "Na ɗan gyara miki."

Na ce na gode, Allah ya saka. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado ina shafa marfin, ina neman ko wuri ɗaya da ta bar ɗinkina. Ba ta bari ba.

Daga nan jakar ba ta sake hutawa ba. Anti ta cire ƙugiyoyin ƙarfen, ta ce ɗaya ya karci yarinyar a hannu, ta sa maɓallin roba. Gaskiya ne, na ga kartar, amma na so a ce ni na fara lura. Sai na yi nawa: na ɗinka ɗan aljihu a gefe don cokalinta. Washegari aljihun ya dawo da zif. Na ɗaura wani zare a ciki da zai riƙe fulas kada ya faɗi. Ya dawo ya zama roba mai talewa. Ta shimfiɗa leda mai kauri a gindin saboda jiƙaƙƙen wando. Ta rage tsawon maɗaurin har yarinyar ta iya goya jakar da kanta, tana tafiya jakar tana bugun bayan gwiwarta, duk gidan ana tafa mata ana cewa ga ƙaramar soja.

Duk abin da Anti ta yi ya fi nawa kyau, kuma ya fi nawa amfani. Wannan ne ya fi ci mini rai. Da ta ɓata wani abu, da na samu abin faɗa.

Yarinyar ma ta fara canzawa. Ta yi ƙiba. Ta koyi cin gwate, abincin su Anti, tana ture tuwona. Hausarta ta fara komawa irin ta Anti. In na dawo sai in ji ƙamshin man Anti a gashinta, in yi mata wanka ko da an riga an yi mata. Da safe, tun kafin in gama ɗaura ɗankwali, ta jawo jakar ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa, "Jakan Anti, jakan Anti." Wata rana ina ba ta ruwa ta ɗago ta ce mini, "Anti, ƙara." Ta gyara nan take ta ce Umma, amma na riga na ji.

Na gaya wa maigida. Yana cin abinci, ko cokalin bai ajiye ba.

"Yanzu ke, an riƙe miki 'ya, an ciyar da ita, an gyara miki jaka, shi ne laifin? To ki je ki kai ƙarar keken ɗinkin."

"Ba ka gane ba ne."

"Na gane mana. Kina so ta wuni tana kuka don ki san tana son ki."

Na tashi na bar masa ɗakin.

A wajen aiki kuwa, ina goge tayil ɗin Madam, hankalina yana Mpape. In na duba agogon bangon kicin sai in ce yanzu ta ji barci. Sai in ga Anti ta miƙe daga kan keke, ta sunkuya, ta ɗora ta a baya, ta ja zane ta ɗaure. In ga kumatun yarinyar ya kwanta a tsakanin kafaɗun Anti. Ban taɓa ganin hakan da idona ba, kuma ban taɓa tambaya ba, amma kullum sai na gani a raina, har launin zanen.

Wanda bai zauna Mpape ba, bari in gaya masa. A bayan unguwarmu ake fasa dutse. In za su tayar da nakiya sai a fara jin jiniya, bayan ɗan lokaci ƙasa ta girgiza, kwanon rufi ya yi ƙara, kwanuka su motsa a kan kanta. Manya sun saba, ko hira ba a katsewa. Yara ƙanana ne ba sa sabawa. Tawa tun tana jaririya in ta ji jiniyar take cusa fuska a bayana, ina jin bugun zuciyarta ta cikin zane. Da rana ake yi, don haka tun da na fara aiki ban sake kasancewa a gida lokacin ba.

Wata Alhamis Madam ta yi tafiya, aka sallame ni da wuri. Na shigo gida rana tana tsaka. Yarinyar tana tsakar gida tana wasa da murafen kwalba, ta gan ni ta yi dariya ta ci gaba da wasanta. Ina cire takalmi jiniyar ta tashi. Na ga ta daskare. Na durƙusa nan inda nake, na buɗe hannu, na ce, "Zo, zo wajen Umma." Tsakanina da ita bai fi tsawon tabarma ba. Ta miƙe a guje, ta wuce ta gefen hannuna har rigarta ta taɓa ni, ta faɗa ɗakin Anti, ta shige ƙarƙashin keken wajen ƙafafunta. Sannan ƙasa ta girgiza.

Ina nan durƙushe da hannu a buɗe. Mai ƙosai ta ce, "Kai, Maman beibi, an yi miki juyin mulki!" Aka yi ta dariya. Ni ma na yi. Ina yi ina jin leɓena na ƙasa yana rawa, na sa haƙori na danne shi.

Washegari ban kai ta ɗakin Anti ba. Akwai wata tsohuwa 'yar wajenmu can saman dutse da take riƙe yaran masu zuwa aiki. Na tashi da wuri, na zuba kayan a leda, na goya yarinyar na bi ta bayan gida. Jakar na bar ta a ƙusa. Ban so ko zare ɗaya na Anti ya bi mu. Yarinyar tana ta waiwaye tana miƙa hannu wajen ƙofa, na ƙara sauri.

Da yamma na hau ɗaukar ta. Tun daga nesa ban ji kuka ba, na ce alhamdulillahi. Ashe muryar ce ta tafi. Tana zaune a lungu, ido ya kumbura, tana buɗe baki sauti ba ya fita sai wani shaƙe-shaƙe. Kunun yana nan yadda na zuba shi.

Tsohuwar ta ce, "'Yar nan, gobe kada ki kawo mini ita. Ba ta ci ba, ba ta runtsa ba. Na ce bari in goya ta, ta gantsara mini cizo a kafaɗa. Da suka tayar da abin nasu kuwa, na ɗauka shiɗewa za ta yi. Ni ba zan iya da wannan ba."

Na goya yarinyar muka gangaro. Jikinta zafi, tana ta ajiyar zuciya a bayana. Ga aiki gobe, ga babu inda zan kai ta sai inda na gudo.

Na tarar da Anti zaune a kan benci a ƙofar ɗakinta, ba ta ɗinki. Ta dubi yarinyar, ta dube ni.

"Maman beibi, zo zauna."

Na zauna a ƙarshen bencin.

"'Yarki ne. Ko ina kina so ki kai ta, ki kai, ba zan ce komai ba. Amma me ya sa kin bar jakan?"

Na ce na manta ne.

"Ba ki manta ba." Ta gyara zama. "Kin san inda yarinyan nan take barci? Ƙarƙashin kekena. Nan nake rataye jakan. Ta jawo shi, ta sa fuska a marfin, shi ke nan. In jiniya ya yi, nan take gudu. Sau ɗaya na wanke shi, na ga ya yi datti. Ranan ban yi ɗinkin kowa ba, kuka har kaina ya yi ciwo. Sai da kin kwana da shi a ɗakinki ya dawo, sannan aka samu lafiya."

Na ce, ba tare da na dube ta ba, "Ba kya goya ta?"

"Goyo? Ranan farko na gwada, ta tuge mini ɗankwali har da gashi. Allah ya sani ban sake ba. Ni bayana ma ciwo yake."

Wani abu ya sauka daga ƙirjina, amma bai sauka duka ba. Na ce, "To jiya fa? Ni da kaina ina wurin, Anti. Ni, ba zane ba. Ta wuce ni."

Ta ce, "Da rana ba ta san ki a gidan nan ba. Da rana jakan ta sani."

Ba da mugunta ta faɗa ba, amma har yau in na tuna sai na ji ta a cikina. Kuma har yau ban tabbata ba ko duk gaskiya ta gaya mini, ko ta rage wani abu don ta lallashe ni. Ƙafafun Anti ma ai a ƙarƙashin keken suke.

Na shiga ɗaki na sauke yarinyar. Na ciro jakar daga ƙusa na ajiye a kan tabarma don in gani da idona. Ta rarrafa, ta jawo ta, ta kifa fuska a kan marfin, daidai wurin mai laushi, ta sa yatsa a baki. Ina zaune kusa da ita, cinyata a shimfiɗe, babu kowa a kai. Can cikin barci ta miƙo hannu ɗaya ta kama gefen zanen da ke jikina. Na ƙi motsi har ƙafata ta mutu.

Asabar ban je aiki ba, na wuni da ita. Ranar Lahadi na ciro ɗaya rabin zanen goyon da na ajiye, na je ɗakin Anti da shi. Na ce ina so a cire yadin marfin ya zama na ɓallewa, a yi guda biyu. Ɗaya yana kan jaka, ɗaya ina ɗaure da shi a ƙugu ta cikin riga ina aiki, in kwana da shi, da safe in musanya. Wanda na cire in wanke shi da kaina. Ta dube ni ta saman tabarau, na ɗauka dariya za ta yi. Ba ta yi ba, ta jawo almakashi.

Ita ta yanka, ita ta yi ramukan maɓallan, don keke ne kawai zai iya. Da ta ɗauko maɓallan za ta ɗinka na riƙe hannunta.

"Waɗannan ni zan sa. Kuma kada ki taɓa su."

"Ko sun karkace?"

"Ko sun karkace."

"Ko sun faɗi?"

"In sun faɗi ki ajiye mini, in na dawo in mayar."

Ta ce, "Toh, oga," ta tura mini gwangwanin.

Sun karkace kuwa. Ɗaya ya fi sauran hawa sama, marfin yana zama a ɗan jirge. Na san yana damun Anti, ina ganin yadda idonta yake komawa kansa, amma ba ta taɓa ba.

Litinin na mayar da yarinyar ɗakinta, kuma har yanzu can take wuni. Ina goge tayil da guntun zane a ƙuguna, zufa tana shiga cikinsa, wani lokaci in taɓa shi ta saman riga. Ban warke ba. Har yanzu in na ji ƙamshin man Anti a gashinta sai na yi mata wanka. Har yanzu ta fi son gwate. Jakar kuma har yau sunanta jakan Anti, na gyara mata har na gaji.

In kun biyo ta Mpape kuka ga wata 'yar yarinya da jaka mai kaurin jiki a baya, an rufe ta da koɗaɗɗen shuɗin zane, maɓallan marfin a karkace, don Allah kada ku ce mata jakar ta tsufa, kada ku ce a saya mata sabuwa. In za ku yaba, ku yaba maɓallan. Kuma ina roƙonku, kada ku tambaye ta wa ya ɗinka mata.